Wai wane ne Goscinny ɗin nan da sunanshi ke bisa littattafan dariya?

Mai_Zane_Mokoyo ya rubuta:

Salamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku, ya sanyi. Tambaya gare ni zuwa ga waɗanda sunka yi lakwal tun da, musamman su Mushe. Satin da ya wuce muna kwashe ɗakin kawuna, Allah shi jiƙanshi, sai na tarda wani kwali ƙarƙashin gado gara ta ci mishi gefe guda, cike da littattafan zane na Faransanci. Akwai Astérix guda 7, Lucky Luke 4, wani na wani waziri gajere mai tsinin gemu wai shi Iznogoud, sai tsofaffin mujallu da anka rubuta Pilote, wasu ma ba su da bango.

Abin da ya ɗaure min kai, kowane littafi sunaye biyu ne bisa, ɗaya yana canzawa, nan Uderzo, can Morris, can Tabary, amma ɗayan kullum Goscinny ne, kuma zanen ba hannu guda ba ne ko makaho ya shafa ya sani. Cikin mujallar ma sunanshi na gani wajen shugabanni. To in ba shi ke zane ba mi yake yi? Ni ina ɗan taɓa zane, ni ke rubuta ma masu shago da masu aski allo, da dare kuma in zana ƴan unguwa cikin kaye muna dariya, tsohuwata kullum faɗi take wanga ba sana'a ba ce shiririta ce. Shi ya sa nake son in ji, da gaske akwai wanda ya ci da iyali da ban dariya?

Mushe_Ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah shi jiƙan kawunka, da ganin kwalin nan mutumen kirki ne mai son karatu. Kar ka bari a naɗe ƙosai da su don Allah.

René Goscinny shi ne mai rubuta labarin. Shi ke zama ya ƙago abin da za ya faru, ya raba shafi gida gida, ya ce gida na farko a zana kaza, wane ya ce kaza, gida na ƙarshe nan dariyar za ta faɗo, sannan ya miƙa ma mai zane. Kamar mawaƙi da makaɗi ne, in ka ɗebe guda biki ya lalace, amma da yake ido zane yake gani mutane sun daɗe ba su san da mai rubutun ba.

An haife shi Paris ranar 14 ga Agusta 1926, iyayenshi Yahudawa ne da sunka taso daga gabashin Turai. Yana da shekara biyu uban ya samu aiki Ajantina sunka koma Buenos Aires, can ya girma can ya yi lakwal ta Faransawa. Ka lura da wanga da kyau, mutumen da ya fi kowa iya tsokanar Faransawa da halinsu bai girma cikinsu ba, daga nesa ya hango su, kamar ɗan Maraɗin da anka haifa Abijan ya dawo gida yana ganin abin da mu mun daina gani. Lokacin yaƙin duniya na biyu danginshi na wajen uwa da sunka tsaya Faransa wasu an kashe su sansanonin Jamusawa. Ƙarshen 1943 uban ya rasu bagatatan, yaro ɗan shekara 17 dole ya nemi aiki, ya yi ɗan akawu bai ji daɗi ba, ya koma zanen talla. A 1945 shi da uwarshi sunka tafi New York, ya je Faransa ya yi aikin soja a 1946 ya sake komawa Amurka, kuma nan ya sha wuya ta gaske, yawo da zane a hammata ofis ofis ba mai saye. Don shi ma da farko mai zane yake son zama, sai dai hannunshi bai kai bakinshi ba. A can ya haɗu da su Harvey Kurtzman waɗanda daga baya sunka yi mujallar barkwanci ta Mad, ya kuma haɗu da Morris ɗan Beljiyam mai Lucky Luke.

1951 ya dawo Turai ya kama aiki wani kamfani mai sayar ma jaridu labarun zane, nan ya gamu da Albert Uderzo. Daga 1955 shi ke rubuta ma Morris labari amma littattafan farko ko sunanshi ba a sa ba, ka duba naka ka gani ko wane bugu ne. A 1956 sunka taru su masu rubutu da masu zane sunka ce a rubuta takarda ta haƙƙinsu, irin sandika ke nan, mai kamfani ya ce Goscinny ne shugaban tawaye ya kore shi, Uderzo da Jean-Michel Charlier sunka ce in ya fita mun fita. Korar nan ita ta haifi mujallar da ke hannunka. Pilote ta fito ranar 29 ga Oktoba 1959, kuma cikin lamba ta farko Astérix ya fara bayyana.

Batun ci da iyali kuwa, littafin Astérix na farko a 1961 kwafi 6,000 kaɗai anka buga. Kafin shekara 7 kowane sabo in ya fito ana buga fiye da miliyan. Har tauraron ɗan Adam na farko da Faransa ta harba a Nuwamba 1965, daga hamadar Aljeriya nan maƙwabtanmu, sunan Astérix anka laƙaba mishi. Ka gaya ma Hajiya haka, amma ka gaya mata gaskiya duka, sai da ya kai shekara talatin da wani abu kafin abin ya fara biya.

Bagobiri_na_Tibiri ya rubuta:

Mushe ran ka shi daɗe, wanga lacca haka sai ka ce za mu yi bak. Ni dai Iznogoud na sani, wazirin nan da ba ya barci don yana son ya hau gadon sarki, kullum ya gina ramin mugunta shi ke faɗawa. Wallahi duk ƙungiyar da na shiga sai na ga irinshi, ko ƙungiyar ƴan kabu-kabu ce akwai mataimakin da ke jiran shugaba ya yi tari. Wani abokina da ke zuwa Jibiya ya ce sunan ma da Ingilishi in ka faɗe shi da sauri ma'anarshi ba shi da kirki. Amma ni ban ga abin da za a koya mana ba, mu da munka gaji wasa tun kaka da kakanni, ku kawo min Bazabarme guda nan in nuna muku barkwanci ba sai da takarda ba.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Sannunku. Baba Mushe ina gaisuwa, a yi min afuwa in ɗan kawo wani gefe. Ni ma na karanta su muna koleji, ɗakin karatu muke zuwa ranar Laraba da marece muna rububin su, kuma har yau in na tuna mawaƙin garin su Astérix da ake ɗaurewa bisa icce ranar walima don kar ya buɗe baki sai in yi dariya ni kaɗai. Amma akwai abin da tun ina yarinya yake sosa min rai. Cikin ƴan fashin teku na littattafan Astérix akwai baƙin mutum guda mai tsaron saman jirgi, an zana mishi leɓe jajaye manya manya, an sa ba ya iya faɗin harafin r. Ranar da wata ƴar ajinmu ta nuna shi ta ce ga ɗan uwanku, duk munka yi dariya amma dariyar ba ta kai ciki ba. Na san za a ce zamanin ne, na san kuma kowa sun tsokana, Ingilishi da ruwan zafinsu da madara, Suwis da tsabta, amma su an tsokani halinsu ne, mu kuma siffarmu aka tsokana, ba ɗaya ba ne.

Sannan mahaifina yana ba mu labari zamanin Nasara yayyensu sun hardace cewa wai kakanninmu Gaulois ne, wato mutanen ƙasar Faransa na zamanin da, su ne mutanen cikin labarin Astérix, yara baƙaƙe ƙirin a Maraɗi suna rera shi. To ka ga in na ba ɗiyana littafin nan sai na zauna kusa na yi bayani. Ban ce a ƙone ba, dariya akwai ta, fasaha akwai ta. Ina dai gaya ma ƙanena mai zane ya karanta da ido biyu.

Mushe_Ritaya ya rubuta:

Ɗiyata ba ki yi laifi ba, gaskiya ce kika faɗi kuma ba ni da abin kare zanen nan. Ko a Faransa yanzu ana yi musu wannan ƙorafin. Abin da zan ƙara kawai, batun kakanni Gaulois ɗin, shi ma Goscinny ba jikansu ba ne, Uderzo kuma ɗan baƙi ne iyayenshi daga Italiya sunka zo. Ƴaƴan baƙi biyu sunka ɗauki darasin tarihi da ake tilasta ma yara sunka maida kakannin nan ƴan rigima masu ci da faɗa kan ruɓaɓɓen kifi. Ni da na koyar da tarihi shekaru, wannan ne ya fi ba ni daɗi.

Bagobiri kai kuma zauna, ai maganarka ce ta kawo ni inda nake so. Wasa muna da shi, har UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma wasan baki in an tashi daga fada ya watse. Abin da mutumen nan ya yi wanda ni na fi girmamawa bisa Astérix ɗin kanshi shi ne aikin edita, kuma shi ne mutane ba su cika sani ba.

Pilote ta fara da ƙarfi amma kuɗi ya gaza, a 1960 Georges Dargaud mai buga littattafai ya saye ta, sunka yi ta lalube har sun koma sa hotunan mawaƙan zamani don jawo samari abin bai ci ba. A 1963 anka damƙa ta hannun Goscinny da Charlier. To nan ya nuna ko shi wane ne. Da mujallar yara ce, shi ya ce yaran da sunka fara da mu sun girma bari mu girma tare da su. Ya buɗe ƙofa ga samari waɗanda ba wanda ya san su, kuma ba sai masu irin salonshi ba, wanga shi ne abin. Gotlib, Claire Bretécher mace cikin maza a zamanin da ba a saba ba, Jean Giraud, Fred, Mandryka, Druillet, daga baya Bilal. Wasu zanensu ko kusa bai yi kama da abin da shi yake so ba amma in ya ga akwai wuta ciki sai ya ba da shafi. Gotlib ma tare sunka fara wani fili a 1965, shi ke rubutu yaron na zane, da aiki ya yi mishi yawa ya ce ci gaba kai kaɗai ka iya. Edita nawa ne za su yi haka? Da yawa in sun ga yaro na tasowa sai su danne.

Kuma duk wanga yana yi yana rubuta Astérix, yana rubuta Lucky Luke, yana rubuta Iznogoud wanda sunka fara da Tabary a 1962, ga labarun ɗan lakwal Nicolas da ya yi da Sempé tun 1959. Mutum ne mai kwat da ɗamarar wuya kullum, ya zauna gaban keken rubutu kamar ma'aikacin banki, ba irin mai barkwancin da kuke zato ba mai tsalle tsalle. Sunayen kawai ka duba ka ga aiki, mawaƙin da ɗiyata ta ambata sunanshi Assurancetourix, wato asirans ta mota wadda ta rufe kowane haɗari, duk direban da ya taɓa zuwa biyan takardu za ya gane. Irin wannan ba ya faɗowa daga sama, zama ake a nema.

Sai 1968, watan Mayu, Faransa ta rikice da yajin aiki da boren ɗalibai, duk wanda ake ce ma shugaba ya zama abokin gaba. Masu zane sunka kira shi taro wani gidan shan kofi, sunka sa shi tsakiya kamar kotu, ana ce mishi ɗan koren masu kuɗi. Mutumen da anka kora a 1956 saboda haƙƙin masu zane hwa! Waɗanda sunka san shi sun ce abin bai taɓa barin zuciyarshi ba. Ya ci gaba, har ya kawo taron mako mako inda kowa ke kawo shawara, anka ƙara shafukan tsokanar abin da ke faruwa a ƙasa, mujallar ta ƙara kyau ma, amma amana ta riga ta tsage. A 1972 ya ƙi karɓar wani labarin Mandryka, wai wani ya zauna yana kallon duwatsu suna tsiro, ya ce ba wanda za ya gane, sai Mandryka da Gotlib da Bretécher sunka je sunka buɗe tasu mujallar. Nan kam ina jin shi ma ya yi kuskure, tsufa ta fara kama idon. A 1974 ya saki ragamar, Pilote ta koma wata wata, ta rayu har 1989.

Mai_Injin_Buga ya rubuta:

Mushe Allah shi ƙara lafiya. Ni bari in yi maganar da ta shafi tukunya tunda aikina ke nan, katin biki da rasit da kalanda nake bugawa shekara goma sha wani abu. Ƙanena mai zane, kar labarin miliyan ya ɗauke ka. Can suna da masu rarraba jarida har ƙauye, ga gidan rediyo babba da ya yi ta yi ma Pilote shela tun kafin ta fito, ga iyaye masu biyan kuɗin shekara gaba ɗaya, kuma duk da haka Mushe ya ce shekara guda kuɗi ya gaza. Mu nan takarda daga waje take zuwa, tawada daga waje, faranti in ya ƙare sai an aika Kano ko Yamai, wuta ta ɗauke ka tada janareto. In ka buga kwafi guda mutum ashirin za su karanta shi wajen mai shayi, guda ne ya biya.

Na taɓa buga ma wasu samari ƴar jarida ta dariya shafi 8, lamba ta farko ta ƙare, ta biyu rabi, ta uku har yau tana cikin sito ina ɗora kwano bisa. Ba don ba su iya ba, sun iya, sai dai duk su huɗu masu zane ne ba mai rubutu ba mai cewa wannan bai yi ba a sake, kowa shafinshi kamar gonarshi. Kuma da Faransanci sunka yi, alhali masu dariyar gaske kasuwa suke. Sannan akwai ɗayan gefen, a Yamai akwai jaridun tsokana irin su Le Canard Déchaîné kuma kowa ya san masu irin wannan aikin sun sha zuwa amsa tambayoyi. In za ka yi, ka tsaya kan halin mutane, mai bashi da mai gidan haya da uwar miji, nan ba mai kama ka sai dai a yi maka Allah ya isa.

Bagobiri_na_Tibiri ya rubuta:

To ai ga ni, ni ne Goscinny ɗin, ku ba ni kujera. Labari na farko Bakatsine ya je Tibiri neman aure. Hhhh

Uwar_Biyu ta rubuta:

Maganar Hausa da Alhaji mai inji ya yi ita ce. Tun 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa amma je ka nemi abin da yaro ɗan shekara 10 zai karanta da Hausa ya yi dariya ka gani, sai tsofaffin littattafan Zariya na su Abubakar Imam da iyayenmu sunka karanta. Shi ma ai edita ne, shi ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Yara yanzu wasan kwaikwayo kawai suke kallo a waya. Baba Mushe ba ka gaya mana ƙarshen mutumen ba.

Mushe_Ritaya ya rubuta:

Ƙarshen ba daɗi ɗiyata. Ranar 5 ga Nuwamba 1977 ya je wajen likitan zuciya a duba shi, irin gwajin nan da ake ɗora mutum bisa keke yana tuƙawa ana auna bugun, nan bisa keken zuciyar ta tsaya. Shekararshi 51, ya bar mata da ɗiya guda ƴar shekara 9. Ya bar labarin Astérix na 24 a rubuce ba a gama zanawa ba, wanda sunka je Beljiyam, ya fito 1979. In yana cikin kwalinka ɗana ka buɗe wajen ƙarshe ƙarshe, za ka ga sama ta yi duhu ruwa ya fara sauka cikin zanen, daga inda Uderzo yake lokacin da abokinshi ya rasu ke nan. Uderzo ya ci gaba shi kaɗai yana rubutu yana zane, ya rasu 2020, zanen na nan da kyau amma ni dai in na karanta na bayan ina jin gishiri ya ragu.

Mai_Zane_Mokoyo ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, ban zaci zan samu haka ba. Mushe na duba, na Beljiyam ɗin yana ciki amma gara ta cinye daga shafi na 30 da wani abu, ruwan dai na ga farkonshi. Yaya Uwar Biyu na ga baƙin mutumen ma, da ban lura ba sai da kika faɗi, yanzu kuma na kasa daina ganinshi.

Gaskiya ni matsalata ita ce wadda Alhaji ya faɗi, in na zana mutum kowa ya gane shi a yi dariya, amma in ance in haɗa gida shida labari ya tafi ya faɗo daidai sai in rasa ta inda zan fara. Akwai wani abokina mai gyaran waya bakin kasuwa, shi ko layi bai iya ja ba amma in ya buɗe baki sai an riƙe ciki, gobe zan kai mishi Iznogoud in ga mi za ya ce. Alhaji shafi 4 baƙi da fari kwafi 200 nawa za ya kama, in ba damuwa ka turo min ta akwati. Mushe kuma in kana gida ranar Juma'a bayan la'asar in kawo kwalin ka gani, akwai mujalla guda ta 1971 da ban gane rabin abin da suke tsokana ba.

Mushe_Ritaya ya rubuta:

Ina gida. Ka zo da kayen zanenka ma, kuma kafin nan ka fidda su daga kwalin nan ka shanya a inuwa, ka sa ganyen bedi tsakani.